Ranar da Ruwan Marina Ya Yi Fari

Madhabdi, farkon watan Maris

Ferdousi ƙanwata,

Assalamu alaikum. Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, karatu kuma yana tafiya. Mu nan da sauƙi. Gwiwar mahaifiyarmu Amma ta sake tashi, yanzu a zaune take salla, amma bakinta lafiya lau, tun safe take faɗa da kaji. Matata, Bhabinki Hosne Ara, tana gaishe ki, ta ce in tambaya ko kin fara cin abincin mutane ko har yanzu shayi da biskit ne. Kunnena yana nan yadda kika bar shi. Na dama ya tafi tun ranar da tukunyar tururi ta fashe, na hagu kuwa sai an yi ihu. Don haka ki yi haƙuri da rubutuna, waya ba ta yi da ni.

Ga abin da ya zaunar da ni. Rani ya shigo da wuri, rafin bayan marina ya janye, babu ruwan da zai tsinka namu. Abin da muka zubar shi ke gudana. Masu keken haya a kan gada har musu suke yi kan launin da za su gani gobe. Makon jiya kifin Sobhan Chacha, baffanmu aminin Abba, ya taso ciki sama a tafkinsa na Noapara. Kin san shi da Abba tare suka tashi, shi ya fara shiga kabari ranar da muka binne Abba. To wannan mutumin ne ya zo da mutanen ƙauyensu, da kwando cike da mataccen kifi, ya juye a ƙofar marina.

"Ga rininka, Mokhles," in ji shi. "Sai ka shanya."

Na ce, "Chacha, marina nawa ce a bakin rafin nan? Ni kaɗai ne?"

Ya ce, "Kai kaɗai ne na ɗauka a kafaɗa kana yaro."



Bayan su sai ga jami'ai daga birni. Sun ɗebi ruwa a kwalabe, sun ce kafin damina ko dai in gina wurin tace ruwa, ko su yanke gas su sa kwaɗo. Wurin tace ruwa na manyan masana'antu ne, Ferdousi. Ko na sayar da gidan da Amma ke ciki ba zai gina shi ba. Ga kuma mutanen da ke ci daga marinar nan, wasunsu tun zamanin Abba. Nurul mai haɗa launi ya tsufa a gaban tukunya, wa zai ɗauke shi?

Da kika zo salla kin ce a jami'arku kuna aiki a kan wani gari kamar hoda mai cinye launi in rana ta buge shi. A lokacin na yi dariya, na ce ku zo ku cinye mini rinin da nake sayarwa. Yanzu ba dariya nake yi ba. Na ba direban motar Rajshahi jarka ɗaya ta ruwan da ke fita daga kwatarmu. Ki gwada. Ki faɗa mini ko da gaske ne, ko maganar 'yan boko ce kawai.

Yayanki,
Mokhles

*

Rajshahi, tsakiyar Maris

Bhaiya,

Wa alaikumus salam, yayana. Ina lafiya, ka ce wa Bhabi ina cin shinkafa da miyar waken dal sau biyu a rana, mai dafa mana ce dai ba ta san gishiri ba. Ka sa Amma ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, kuma don Allah a raba ta da tsugunno wajen yankan kifi. Mangwaro ya yi fure sosai a nan bana, duk harabar jami'a ƙamshi.

Labarin Sobhan Chacha ya tsaya mini a rai. Na karanta wurin sau uku.

Jarka ta iso. Da na buɗe ta a ɗakin gwaji sai da abokan aikina suka fita waje, wata ta ce, "Ferdousi, gidanku kika kawo mana?" Na ce wannan warin ne ya biya kuɗin makarantata.

Bari in bayyana maka garin yadda za ka gane. Asalinsa irin farin garin nan ne da ake sa wa fenti. Mun niƙa shi, ko in ce mun gina shi, ya zama ƙanana ƙwarai, ƙurar da kake gani a hasken taga dutse ce a kansa. Shi kaɗai rago ne, kaɗan yake ɗauka daga hasken rana. Sai muka haɗa shi da wata irin tsatsar ƙarfe, muka zaunar da su a kan gawayin ɓuntun shinkafa. Gawayin yana jawo rinin kusa, rana tana bugun garin, garin kuma yana tayar da wani abu a cikin ruwan mai farfasa rinin. Shi kansa ba ya ƙarewa. Saboda ƙarfen da ke ciki, in ka gama sai ka sa maganaɗisu ka tattara abinka, gobe ka sake.

Na yi wata da watanni ina gwada shi a ruwan da muke haɗawa a nan, rini ɗaya a ruwa mai tsabta. Wannan kafin azahar ya washe. Naka ya fi taurin kai, kamar mai shi. Ranar farko ya koma kamar shayi, sai a rana ta biyu ya yi haske, har ina karanta jarida ta bayan kwalbar. Bhaiya, na yi tsalle a kan rufin ɗakin gwaji kamar yarinya. Na kuma sa ƙananan kifaye a ruwan da na wanke, sun kwana biyu suna wasansu, ko ɗaya bai juya ba. Malamarmu Dilruba ta ce aikin yana da kyau, amma da saura. Akwai injin da ke faɗin abin da ya rage a cikin ruwa, namu ya lalace, ana jiran kayan gyara daga Dhaka.

Ga gwangwani ɗaya na garin nan na ba direba, ragowar na bara ne, malama ta yarda in gwada shi a waje. Ka sami wuri mai faɗi marar zurfi, ruwan kada ya wuce tsawon tafin hannu, inda rana ke yini. Ka zuba, a riƙa motsawa. Ina so in san ko zai yi a ranarku yadda ya yi a tawa. In ya washe ka ɗibo mini a kwalba ka aiko.

Kada ka yi wa kowa alkawari tukuna.

Ƙanwarka,
Ferdousi

*

Madhabdi, ƙarshen Maris

Ferdousi,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Amma ta ƙi ruwan ɗumi, ta ce man mustad ɗin da uwarta ta yi amfani da shi ya ishe ta. Zafi ya yi yawa, famfunan burtsatse sun fara tari, sai ka yi ta bugu kafin ka cika buta.

Abinki ya yi.

A cikin marina babu inda rana ke yini, sai na gina kwarami na siminti a bayan katanga, gefen hanyar Noapara. Ranar Litinin muka cika shi da ruwan shuɗin nan mai duhu, wanda in ya taɓa farce sai ya yi mako. Na zuba garin, Nurul yana motsawa da gora yana cewa, "Maigida, shekara arba'in ina sa launi a ruwa, yau ka sa ni aikin cire shi." Da yamma ya koma kamar shayi, yadda kika ce. Washegari da la'asar, Ferdousi, ina ganin ƙasan kwaramin. Ina ganin shatin yatsun magini a jikin siminti. Ma'aikata suka bar tukwane suka fito, wani yana kabbara. Na ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika, na ja shi a ciki, garin ya bi shi ya manne kamar gemu.

Kin ce kada in yi alkawari. Ban yi niyya ba. Amma kwaramin a bakin hanya yake, kafin magariba labari ya kai Noapara. Sobhan Chacha ya zo da sandarsa da mutane a bayansa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya matso kunnena na hagu.

"Ido ka wanke wa, ba ruwa ba."

Na ce, "Chacha, ɗiyar abokinka ce ta yi wannan, a jami'a."

Ya ce, "Ferdousi yarinyar kirki ce, kai ne ban yarda da kai ba. In ruwan kirki ne, sha."

Mutane suka yi dariya. Wani ya ce a kawo wa maigida kofi. Kin san ni, kaina ya ɗau zafi. Na ce ba yau ba, ba a ɓoye ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci kowa ya zo, zan cika kwaramin da sabon ruwa a gabansu tun Laraba, su sa wanda zai yi gadi, in ya washe zan sha kofi biyu. In na sha, su janye ƙarar da suka kai ni wurin hukuma, su bar ni in nemi lokaci wurin jami'ai. Chacha ya ce ya yarda.

Hosne Ara ta yi ta kuka, wai in jira amsarki. Na nuna mata takardarki, na ɗora yatsa a kan wurin. Ba ke kika ce kifi ya kwana biyu yana wasa a ciki ba? Ɗan kifin da bai kai yatsa ba. Ni da na yi shekara ashirin ina shaƙar tururin rini, kofi biyu zai kayar da ni? Maganar inji da kayan gyara na san halinku ne na masu karatu, ba kwa cewa abu ya yi sai an buga hatimi.

Kwalbar da kika ce tana wurin direba. Ki yi mini addu'a ranar Juma'a.

Mokhles

*

Rajshahi, Asabar

Bhaiya,

Assalamu alaikum. Ban san ko kana lafiya ba, shi ya sa ban san yadda zan gaishe ka ba.

Takardarka yau ta zo hannuna. Yajin gama-gari ya tsayar da motoci, ta kwana a hanya har Juma'ar ta wuce. Na karanta ta a tsaye a ƙofar masauki.

Kifin ba a ruwanka na sa su ba. A ruwan ɗakin gwaji ne, wanda muke haɗawa da kanmu, rini ɗaya a ruwa mai tsabta. Na koma na tuna yadda na rubuta, na ga na jera maganar a bayan labarin ruwanka, duk wanda ya karanta haka zai fahimta. Murna ce ta sa alƙalamina gudu. A ruwanka kuwa sai farkon makon nan na sa kifi, bayan ya washe tas. Bhaiya, kafin in dawo daga cin abincin rana duk sun mutu. Na ce bari in sake gwadawa kafin in ɗaga maka hankali, na sake, suka sake mutuwa. Ina shirin rubuto maka ke nan taka ta zo.

Ka saurare ni da kyau. Rini kamar doguwar sarƙa yake. In ka tsinka ta wuri ɗaya, launin ya tafi, amma guntayen suna nan a cikin ruwan, ido ba ya ganinsu, wasunsu ma sun fi rinin kansa mugunta. Garin yana iya ci gaba da farfasa su har su ƙare, amma wannan yana ɗaukar lokaci mai tsawo bayan launi ya tafi, kuma a ruwanka gishiri da soda suna danne shi. Gishirin da sodar kuwa ko taɓa su ba ya yi, haka ƙarfen da ke cikin wasu rinin. Ruwan ya yi fari ne kawai.

Na je shagon waya na kira Bhabi. Layin yana ta yankewa. Na ji ta ce ka sha, ka yi amai, kana kwance. Na yi ta ihu har mai shagon ya leƙo, na ce ta kai ka asibiti, kada ka ƙara sha, kada kowa ya taɓa ruwan kwaramin nan, mutum ko dabba. Ta ce to, to, sai layin ya mutu. Na sake kira bai shiga ba.

Ka je asibiti ko da ka ji sauƙi. Ka ce a duba ƙodarka. Ka rubuto mini da hannunka in gani.

Ferdousi

*

Madhabdi, Talata

Ferdousi 'yar albarka,

Assalamu alaikum. Ban ga amsarki ba tukuna, na san yajin ne. Kowa lafiya, har da ni, kada ki ji labari a bakin wani ki tsorata.

Na sha. Kofi biyu, a gaban liman da rabin Noapara. Ba zan ɓoye miki ba, ɗanɗanonsa kamar an jiƙa sabulu a ruwan teku, maƙogwarona ya yi ta zafi. Na daure na yi murmushi har suka watse, na shiga gida na amayar da shi. Kwana ɗaya na yi a kwance, cikina yana murɗawa. Ina ganin tsoro ne ya fi yawa, da kuma zafin rana. Hosne Ara ta ce kin kira, kin ce kada in ƙara sha. Kwantar da hankalinki, ko an biya ni ba zan ƙara ba.

Chacha ya cika alkawari. Bai yi mini magana ba, amma ya aika an janye ƙarar. Ɗaya daga cikin jami'an ya ji labari, ya aiko cewa zai zo mako mai zuwa ya gani da idonsa, in abin ya gamsar da shi za a ƙara mini lokaci har bayan damina. Ina so ki tambayi malamarku nawa za a iya yi na garin nan, don kwarami ɗaya ba ya ɗaukar ko kashi ɗaya cikin goma na ruwanmu. Ina da fili a baya, zan iya gina guda shida.

Ga wani abin da zai faranta miki rai. Famfunan Noapara biyu sun ƙafe, na masallaci kaɗai ke kawowa, layi har bakin kasuwa. Shekaranjiya na fito na tarar da mata a bakin kwaramin da tulunansu na ƙarfe. Suka tsaya suna kallona, suna jin kunya. Moyna, matar ɗan Chacha, ita ce a gaba, ga ciki ya fito. Ta ce, "Bhaiya, na wanki ne kawai." Na ce ku ɗiba, in ya ƙare gobe akwai wani. Yanzu kullum in ya washe sai su kwashe shi tas, mu sake cikawa. Suna wanki, suna wanke kwanuka da shinkafa, na ga wata tana yi wa jaririnta wanka a gefen hanya. Wata tsohuwa ta ce in an tafasa an sa ganyen shayi da yawa gishirin ba ya damu.

Ki duba fa. Marinar Abba da ake tofa wa yawu, yau ita ke ba mutane ruwa. Amma ta yi kuka da na gaya mata. Ta ce in rubuta miki cewa karatunki ya biya.

Yayanki,
Mokhles

*

Rajshahi, Alhamis

Bhaiya,

Salam. Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Wannan ba ta gidan waya zan aiko ta ba, na roƙi wani direban motar kifi da zai bi ta Narsingdi kusa da ku ya sa ta a hannunka. Wayar Bhabi a kashe take tun jiya.

Ka hana su. Yanzu, kafin ka gama karanta wannan. Ka ajiye takardar ka fita ka hana su, sannan ka dawo.

Tafasawa ba ta yin komai, ƙara masa ƙarfi ma take yi. An gyara injin, na sa ruwan kwalbar da ka aiko. Ba zan rubuta maka sunayen abin da ya fito ba, ba za su amfane ka ba. Akwai waɗanda ke shiga ta fata. Kofi biyunka na rana ɗaya ba shi ne abin tsoro ba yanzu, abin tsoro shi ne kaɗan kaɗan kullum, a jikin jariri, a cikin mai ciki.

Shekara da shekaru babu wanda ya taɓa wanke shinkafa da ruwan marina, ba don wani ya hana ba, don suna ganin launinsa. Ni na cire musu launin na bar musu gubar.

Na gaya wa Malama Dilruba komai. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce ita ta yarda gwangwanin ya fita, don haka tare za mu amsa. Ta rubuta sunan wata likita a asibitin gunduma, yana bayan takardar nan, a kai mata jaririn da Moyna da duk wanda ya sha.

Na san abin da nake roƙonka. Na san jami'in yana zuwa, na san Nurul da sauran. Amma in ka bar shi ya ga farin ruwa ya tafi da murna, ni zan rubuta masa gaskiya da kaina. Gara ka ji wannan daga gare ni tun yanzu.

Da an buɗe hanya ina tafe.

Ferdousi

*

Madhabdi, Lahadi

Ferdousi,

Assalamu alaikum. Muna nan. Amma lafiya, ba mu gaya mata duka ba.

Takardunki biyu rana ɗaya suka same ni, ta gidan waya da safe, ta mai kifi ina cikin karanta ta farkon. Na kira Hosne Ara na nuna mata inda kika ce kada kowa ya taɓa. Ta ce wallahi layin ya yanke, abin da ta ji ta faɗa mini. Na kalle ta, ta kalle ni. Ban sake tambaya ba, ba kuma zan sake ba.

Na fita. Mata sun fi goma a bakin kwaramin. Na ce su zubar, ruwan ba shi da kyau, ƙanwata ta rubuto. Suka yi dariya. Wata ta ce, "Maigida ya fara rowa, gobe zai ce a biya." Na rantse musu. Moyna ta ce, "Haba Bhaiya, ba a gabanmu ka sha ba? Ga ka nan tsaye." Suna maganar suna cika tulu. Na gane babu abin da bakina zai faɗa da zai goge abin da idonsu ya gani, kuma ko na kore su yau, gobe da sassafe za su dawo.

Na koma ciki na ce wa Nurul ya ba ni jan nan mai ƙarfi, bokiti guda. Ya ce na wane yadi? Na ce ba ni kawai. Na fito na juye shi a kwaramin, na bi tulunansu ɗaya bayan ɗaya ina zuba musu da moɗa. Suka yi ta ihu suna ja da baya, wata ta zage ni har da Abba. Cikin ɗan lokaci babu kowa a wurin sai ni da jan ruwa.

Daga nan na wuce Noapara da hannuna ja har gwiwa. Chacha yana gyaran raga a inuwa. Na tsaya a gabansa na faɗa masa, ban rage komai ba. Na ce ya yi gaskiya tun farko, ido aka wanke. Ya ajiye ragar. Ya tambaye ni kwana nawa Moyna ta yi tana ɗiba, na faɗa. Ya tambaya ko ta sha. Na ce ban sani ba. Ya shiga gida ya tambaya ya fito, fuskarsa ta ba ni amsa.

"Da kifina ne," in ji shi, "da na yafe."

Liman ya sanar a lasifika. Na ɗauki mota na kai mutum bakwai wurin likitar. Jaririn ya yi ƙuraje a wuya da cinya, ta ba da magani, ta ce zai warke. Ni ta ce ƙodata lafiya. Moyna ta auna ta, ta ce abin da ke ciki yana motsi yadda ya kamata, kwanakin da ta yi tana amfani da ruwan ba su da yawa, tana sa rai babu komai. Na ce tabbas? Ta ce tabbas sai ranar haihuwa.

Jami'in ya zo jiya. Na nuna masa jan kwarami da takardarki. Na riga na kashe tukwanen da kaina, don haka kwaɗon da ya zo da shi bai sha wahala ba. Ya bar mini ɓangaren shanya da guga. Yadin da aka kawo zan kai babbar masana'anta su rina, in karɓo in gama. Wannan zai riƙe mutum kaɗan. Sauran na sallame su, Nurul ya ƙi tafiya, yana zaune a ƙofa.

Kada ki rubuta cewa ke kika yi. Ni na ɗaga kofi. Ki zo da malamarku in za ta yarda, kwaramin yana nan, ruwan gwaji kuwa ba zai yanke muku ba, maƙwabta suna zubarwa kullum. Amma za mu kewaye shi da waya mu sa ƙofa.

Abu ɗaya nake so ki tambayar mini, ki kuma faɗa mini yadda aka faɗa miki, kada ki gyara. Abin da ke shiga ta fata, yana kaiwa ga ɗan da ke ciki?

Mokhles

*

Madhabdi, cikin damina

Ferdousi,

Assalamu alaikum. Allah Ya sa kin koma lafiya. Amma tana tambayar ko kin manta lemarki da gangan ne don ki dawo. Ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, rana ba ta fito ba tun da kuka tafi, don haka kwalaben da malama ta jera suna nan yadda kuka bar su, Nurul yana rufe su da leda. Na gane abin da ta ce, sai an cire gishirin tukuna, sai kuma an bar garin ya daɗe yana aiki. Ta ce shekara biyu, ƙila uku. Ban san ko marina za ta jira ba. Ba shi ne na zauna in rubuta ba.

Kin san tun daga ranar Chacha bai sake kallon inda nake ba. In mun haɗu a masallaci sai ya canza sahu. Ni kuma kullum sai na tura Hosne Ara Noapara, wai ta je sayen ƙwai, don ta gano mini jikin Moyna.

Yau da hantsi ina ɗakin guga aka ce ana sallama. Na fito na gan shi a tsakiyar ruwa, ya naɗe zanensa na lungi har gwiwa, da ƙaramar tukunyar ƙasa a hannu an rufe bakinta da ganyen ayaba. Na ce ya shigo. Ya ƙi. Ya miƙo mini tukunyar daga inda yake.

"Mace ce," ya ce. "Jiya da asuba. Ungozoma ta duba, likitarku ma ta duba. Kuka take yi kamar an aiko ta."

Na karɓi tukunyar da hannu biyu.

"Ka gaya wa matarka ta huta. Ƙwan da ta saya a wata ukun nan ya ishi gari."

Ya juya ya tafi. Na buɗe tukunyar, roshogolla ce, alawar madarar nan da ake rabawa in an yi haihuwa, tana da ɗumi. Na zauna a kan dakalin ƙofa ruwa yana dukana, na ci ɗaya, na ci biyu, sai da Nurul ya zo ya karɓe ta ya ce in bar wa mutane.

Yayanki,
Mokhles